Furen Kirizantem Cikin Tukunya: Yadda Ake Ba Shi Ruwa da Taki

Wanga karo za mu yi magana bisa wata shuka da ba a ci, ba a kuma ba dabba. Fure ne na ado, sunanshi kirizantem. Watakila ka ce: mi ya haɗa manomin hatsi da furen ado? Ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe. A Yamai da sauran manyan garuruwa akwai matasa da ke ci da iyalinsu da saida shuke-shuken ado a bakin hanya. Ban da wannan, duk wanda ya iya riƙon kirizantem cikin tukunya, to ya iya renon tumatir da tattasai da ɗiyan mangwaro cikin leda, don dokar ruwa da taki guda ce.

Ga dokar, ka riƙe ta tun yanzu. Shukar gona tana miƙa saiwa ta nemo wa kanta laima da abinci. Shukar tukunya kuwa kamar tunkiya ce ɗaure ga turke. Abin da hannunka ya ba ta, shi ke nan gare ta. In ka mance da ita kwana biyu, ta sha wuya. In ka cika mata, ta ƙware.

Daga ina furen ya fito?

Asalin kirizantem ƙasar Sin ce, inda aka fi shekara 2000 ana nomanshi. Daga can ya shiga Japan, har ya zama tambarin sarkin ƙasar: fure mai kunnuwa 16. Sunan kuwa daga harshen Girka aka samo shi, ma'anarshi furen zinariya, don na farko rawaya ne. Yau akwai fari da ja da ruwan goro da shuni. A 1789 wani ɗan kasuwa na birnin Marsai, Pierre Blancard, ya kawo shi Faransa cikin jirgin ruwa. A can ya zama furen makabarta. Kowace shekara, ran 1 da ran 2 ga Nuwamba, Faransawa suna ɗora miliyoyin tukwanen kirizantem bisa kabarin iyayensu. Saboda haka kada ka kai wa Bafaranshe wanga fure in ka je gaishe shi da jiki.

Dangin salati ne da tazargade. In ka murza ganyenshi za ka ji wani ƙamshi mai kama da na tazargade. Yana da wani ɗan'uwa mai farin fure da ake nomawa a tsaunukan Kenya da Tanzaniya da Ruwanda, wanda ake fitar da maganin sauro daga cikinshi. Wancan dabam ne da na ado. Kada ka dafa furen ado don sha ko don magani, balle wanda aka saya, don ba ka san abin da aka fesa mishi ba.

Halinshi irin na maiwa ne

Ka san maiwa. Ko ka shuka ta da ruwan farko, ko ka makara, ba ta fidda kai sai ƙarshen damana. Wasu irin dawa da wake na gargajiya da yakuwa ma haka suke. Ba kwanakin shuka suke ƙirgawa ba, tsawon dare suke ji. A 1920 wasu masana biyu a Amurka, Garner da Allard, suka bayyana wanga sirri bayan gwajin da suka yi bisa taba da waken soya.

Kirizantem ma haka yake. Muddin dare gajere ne, sai ya yi ta ganye da rassa. Da dare ya yi tsawo, ya wuce kamar awa 10, sai ya daina tsawo ya fara ƙullin fure, wato ɗan dunƙulen nan da ke buɗewa daga baya. A Faransa daren watan Yuni awa 8 ne, don haka furen yana samun watanni yana girma kafin kaka. A ƙasarmu kuwa dare ba ya kasa awa 11 ko cikin Yuni, kuma cikin Disamba yana wuce awa 12 da rabi. Ka ga ke nan a wurinmu kullum sauri yake ya yi fure, tun yana ɗan guntu, da rassa biyu ko uku.

Maganin wannan fitila ce. A ƙasashe masu zafi da ke noman kirizantem, ana kunna mishi fitila da tsakar dare, daga ƙarfe 10 zuwa ƙarfe 2, don a raba mishi dare biyu. Fitilar sola ta isa, in dai za ka iya karanta wagga takarda da haskenta a daidai kan shukar. Ran da ka ga ya yi girman da kake so, sai ka daina kunnawa. Daga nan galibin iri suna buɗe fure cikin mako 8 zuwa 10.

Abu na biyu shi ne zafi. Kirizantem yana son dare mai sanyi, wajen digiri 16 zuwa 18. Zafi mai yawa yana jinkirta furen, ko ya fito a gurguje. Watan Afrilu da Mayu, da zafinmu ke wuce digiri 40, ba lokacinshi ba ne. Lokacinshi hunturu ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da dare ke sanyi a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai.

Don haka rayuwarshi kashi biyu ce: lokacin girma da lokacin fure. Ruwan da takin da za ka ba shi sai sun bi waɗannan lokuta.

Tukunya da ƙasa

Ka nemi tukunya mai faɗin baki santimita 20, wato kamar taƙi guda. Ta yumɓu ta fi ta roba a ƙasarmu, don tana sanyaya saiwa yadda randa ke sanyaya ruwa, sai dai tana saurin bushewa. Baƙar leda da gwangwani suna ɗaukar zafin rana har su dafa saiwa. In su ke gare ka, ka rufa musu jiki da buhu ko zana.

Ko wace iri ce, sai ta zama da huda a gindi, uku ko huɗu, kowace ta isa shigar ɗan yatsa. Ka ɗora tsingaro bisa hudar don kada ƙasa ta toshe ta. Tukunyar da ba ta da huda kabarin shuka ce.

Ga haɗin ƙasar: kwano 2 na ƙasar garka mai kyau, kwano 1 na rairayi mai tsakuwa, kwano 1 na takin dabbobi da ya ruɓe sarai, kwano 1 na ruɓaɓɓen ɓawon gujiya ko ƙaiƙayi. Takin da ya ruɓe baƙi ne, ba ya wari, ba ya ɗumi. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. Kada ka sa lakar fadama zalla, tana riƙe ruwa ta shaƙe saiwa. Kada kuma ka sa jigawa zalla, ruwa wucewa yake yi ya tafi da takin. Ka bar yatsa biyu tsakanin ƙasa da bakin tukunya, nan ne wurin zuba ruwa.

Ba da iri aka saba shuka shi ba, da yankan toho ne. Ka yanki kan toho mai laushi, tsawon santimita 6 zuwa 8, daga uwa mai lafiya. Ka cire ganyen ƙasa, ka kafa shi cikin rairayi mai laima a inuwa. Cikin mako 2 zuwa 3 zai yi saiwa. Sai ka dasa uku cikin kowace tukunya.

Ban-ruwa

Saiwar kirizantem siririya ce, tana zaune sama-sama, ba ta nisa. Shi ya sa ba ya jure ƙishirwa. Amma saiwa tana shaƙar iska kamar yadda kake shaƙa, kuma in ruwa ya cika ƙasa kullum, iska ba ta samun wurin shiga. Kwana kaɗan sai saiwa ta ruɓe. Shukar tukunya da yawa ruwa ne ke kashe su, mai su kuwa yana zaton kyautata musu yake yi.

Kada ka ba da ruwa don kawai gari ya waye. Ka tambayi tukunyar. Hanya biyu ce. Ta farko, ka cusa yatsa cikin ƙasa zuwa gaɓa guda. In ka ji bushewa, ba da ruwa. In ka ji laima, bari sai an jima. Ta biyu, ka ɗaga tukunyar bayan ka shayar da ita, ka ji nauyinta, gobe ka sake ɗagawa. Cikin mako guda hannunka zai san nauyin mai ƙishirwa.

In za ka ba da ruwa, ka kiyaye waɗannan:

1. Ka ba da shi da safe, kafin rana ta ɗaga.
2. Ka zuba a gindi, a hankali, kada ka jiƙa ganye. Ganyen da ya kwana a jiƙe yana kamuwa da ciwon tabo da farar ƙura.
3. Ka zuba har ka ga ruwa ya fara ɗiga ta hudar ƙasa. Yayyafi kaɗan-kaɗan saman ƙasa kawai yake jiƙawa, saiwar ƙasa ta bushe.
4. Kada tukunya ta zauna cikin ruwan da ya ɗigo. Ka ɗora ta bisa duwatsu ko bulo.
5. Ruwan da ya yini cikin jarka a rana, ka bari ya huce.

Sabon dashe ba ya shan ruwa da yawa, don ganyenshi kaɗan ne. Mako biyun farko laima kawai yake so. Sa'ad da rassa suka cika tukunya, shanshi yana ƙaruwa. Tukunya mai taƙi guda za ta iya shanye rabin lita zuwa lita 1 a yini. Ran da iskan hunturu ke kaɗawa, ka duba da safe, ka sake dubawa da la'asar, don wanga iska yana tsotse tukunya da sauri. Ka kafa zana wajen gabas da arewa ta tare shi.

Ka yi lissafi tun kafin ka fara. Tukwane 20 suna bukatar lita 10 zuwa 20 kowace rana, har wata uku ko fiye. In rijiya tana nesa, ko ruwan saye kake yi, ka san abin da ka ɗauko.

In ka tarar da shuka ta yi yaushi da rana, kada ka ruga da buta. Taɓa ƙasar tukuna. In a bushe take, ƙishirwa ce. In a jiƙe take, kuma da maraice shukar ta miƙe, zafin rana ne, sai ka ƙara mata inuwa. In a jiƙe take, kuma har safe ba ta miƙe ba, saiwa ce ta ruɓe. Ka zare ta ka duba: saiwa mai lafiya fara ce, ruɓaɓɓiya baƙa ce mai wari. Wani lokaci kuma ƙasa tana bushewa ƙarau har ta rabu da jikin tukunya, ruwa ya riƙa bi ta gefe ya fice. In haka ta faru, ka tsoma tukunyar cikin bokitin ruwa har kumfa ta daina fitowa, sa'an nan ka fitar ta tsane.

Sai maganar irin ruwan. Ruwan sama ya fi kowane. Rijiyoyi da yawa, musamman cikin dallol da wuraren da ake fidda kanwa, ruwansu yana da gishiri ko kanwa. Alamar ita ce farin ɓawo bisa ƙasa da bakin tukunya, bakin ganye kuma ya ƙone. Ka kankare ɓawon. Sau ɗaya cikin mako biyu ka zuba ruwa mai daɗi da yawa, ya ratsa tukunyar ya fice, ya wanke gishirin. Ruwan wanki mai sabulu ko omo kada ya kusanci tukunya.

Taki

Kirizantem mai ci ne ƙwarai, kuma yawancin abincin da yake bukata cikin mako 6 zuwa 7 na farko yake ɗaukarshi. Wanda ya yi mishi rowa yana ƙarami, ba ya iya ramawa daga baya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ka dubi buhun takin zamani, za ka ga lamba uku: 15-15-15. Ta farko azot ce, mai ba da ganye da rassa. Ta biyu fosfor, mai taimakon saiwa. Ta uku fotas, mai ƙarfafa kara da kyautata fure. Ma'anar lambar ita ce cikin kilo 100 na takin akwai kilo 15 na kowane. Farin takin nan ure kuwa azot ce zalla, kashi 46 cikin 100. Ka ga ya ninka wancan ƙarfi sau uku wajen azot, don haka ya fi saurin ƙona shuka.

Ma'auninmu marfin kwalbar lemo ne. Manoman da suka koyi sa taki kaɗan-kaɗan a gindin hatsi, dabarar da masana na cibiyar ICRISAT ta Sadore da na INRAN suka yaɗa, sun san marfi guda yana ɗaukar wajen giram 6 na 15-15-15. A tukunya ba a barbaɗa shi a bushe, narka shi ake yi.

Ka daka marfi 2 na 15-15-15, ka jiƙa cikin gwangwani ya kwana. Da safe ka juye cikin lita 10 na ruwa, wato cikin arozuwar guda, ka motsa. Kowace tukunya rabin lita. Lita 10 ta ishi tukwane 20. Ka fara mako guda bayan dashe, ka riƙa yi sau ɗaya kowane mako. Sa'ad da shukar ta yi ƙarfi, ka kai marfi 3. In ka ga ganyen ƙasa yana rawaya, ka musanya na mako guda da ure: marfi 1 kacal cikin lita 10.

Kada ka zuba ruwan taki bisa busasshiyar ƙasa. Ka fara ba da ruwa zalla, ka bari ya shiga, sa'an nan taki ya biyo. In ya fantsama bisa ganye, ka ɗauraye.

Wanda ba shi da kuɗɗin takin zamani, ga hanya. Ka zuba tiya guda ta ruɓaɓɓen takin awaki ko na shanu cikin buhu, ka ɗaure, ka tsoma cikin bokitin ruwa kwana 5 zuwa 7. Ka ɗebi ruwan ka surka har ya yi kalar shayi marar ƙarfi, ka ba da shi sau ɗaya a mako. Kashin kaji ya fi zafi, sai an ƙara surkawa. Tokar itace tana da fotas, amma tana da halin kanwa. Ɗan tsunkule da yatsa uku bisa kowace tukunya, sau ɗaya a wata, ya isa. In ruwan rijiyarka mai kanwa ne, ka bar tokar.

Da ka ga ƙullin fure ya bayyana kamar ƙwayar wake, ka ajiye ure gaba ɗaya. Azot mai yawa a wanga lokaci tana ba da ganye baƙi ƙirin da kara mai laushi, fure kuwa ya makara, kuma ba ya daɗewa. Ka ci gaba da 15-15-15, marfi 2 a mako. Ran da ƙullin ya tsage ka hangi launi, ka tsaida taki duka. Daga nan ruwa kaɗai. Amma kada ka bari tukunya ta bushe ko sau ɗaya a wanga lokaci, don ƙishirwa tana sa ƙulli ya tsuke ko ya zube.

Ganye yana faɗa maka abin da ke damunshi. Ganyen ƙasa ya yi rawaya, shuka ta tsaya: yunwar azot. Bakin tsohon ganye ya ƙone: gishiri ya taru, ko taki ya yi yawa, ko fotas ta gaza. Sabon ganye ya yi rawaya, jijiyoyinshi suna kore: kanwa ta yi yawa, ko ƙasa ta cika ruwa. Kafin ka ƙara taki ka duba ruwa da hudar tukunya, don shuka mai ciwon saiwa ba ta cin taki.

Tsinke kai da rage ƙulli

Kwana 10 zuwa 14 bayan dashe, ka tsinke kan kowane toho da farce, ka bar ganye 5 zuwa 7, kamar yadda mai noman taba ke fille kan tabarshi. Daga hammatar kowane ganye sabon reshe zai fito, kowane reshe kuwa da furenshi. Bayan mako biyu, in sababbin rassa sun kai tsawon ɗan yatsa, lokacin kashe fitila ya yi. Daga ranar, kada hasken ƙwan lantarki na gida ko na titi ya faɗa bisa tukwanen da dare.

In fure babba kake so, ka bar ƙulli guda a kan kowane reshe, ka cire na gefe tun suna ƙanana. In yawa kake so, ka bar su duka. Yana son ranar safe har zuwa hantsi, da inuwa marar duhu da azahar. Ka riƙa juya ganye kana duba bayanshi. In ka ga ƙananan ƙwari sun taru, ka fesa ruwan dakakkun ɗiyan dogon yaro da maraice.

Ga jerin aikin cikin shekara

Ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba: yankan toho, a inuwa, da fitila da dare.
Wajen 20 ga Oktoba: dashe cikin tukunya. Oktoba tana da zafi, ka ƙara inuwa.
Farkon Nuwamba: tsinke kai, taki kowane mako.
Tsakiyar Nuwamba: a kashe fitila.
Disamba: ƙullin fure, a ajiye ure.
Janairu: launi ya fito, a tsaida taki, a kai kasuwa.

Ka kai tukunya kasuwa sa'ad da kashi guda cikin uku na furen ya buɗe, don mai saye ya more sauran a gidanshi. Waɗanda ka riƙe don iri, in fure ya ƙare ka yanke su ka bar tsawon yatsa. Ka ajiye su a inuwar icce, ka rage ruwa, kada ka sa taki har zafin bazara ya wuce. Wasu za su mutu, waɗanda suka tsira su ne iyayen baɗi.

Ɗan'uwa, wagga sana'a ba a shiga ta da ƙafa biyu. Ka fara da tukwane 5 ko 10. Ka tambayi masu saida furanni a birni irin launin da ake nema kafin ka yawaita. Kada ka rage wa tumatir da albasarka ruwa saboda fure. Kuma tun da Allah ya sa ka iya rubutu, ka ɗauki littafinka ka rubuta ranar dashe, ranar taki da yawan marfi, ranar da ka kashe fitila, da ranar da fure ya buɗe. Iri ya bambanta, sanyin Damagaram kuma ba ɗaya yake da na Gaya ba. Littafin nan ne zai gyara maka lissafin baɗi. In wani abu ya shige maka duhu, ka ɗauki tukunyar ka kai wa malamin gona na yankinku ya gani da idonshi.

Allah ya sa albarka cikin garka da gona, ya ba mu lafiya da zama lafiya. Amin.